Ƙurar Burtali

Kafin a hango su ake jin su. Da kaka, idan sanyi ya fara leƙowa, sai ƙasa ta ɗauki wani gunji daga wajen Abalak, can kuma jar ƙura ta tashi. Mu yara sai mu haye katanga. Shanun Bororo a gaba, jajaye masu dogon ƙaho, shanun Azawak na biye, sannan jakuna ɗauke da ƙore da tabarmi da ɗan akuyar da aka haifa a hanya. Daga lasar gishirin Ingal suke, sun nufi kudu.

Gonarmu tana bayan garin Tawa, gefen burtali. Akwai Bafulatanin da ke sauka cikinta duk shekara da zarar an ɗaure gero. Baba na ce masa aboki, mu kuma Baffa. Shanunsa su ci kara su bar mana taki, matarsa ta kawo nono da mai, Inna ta auna mata gero da ƙwarya. Har yau idan warin ɗanyen kashin shanu ya haɗu da hayaƙin yamma, wannan gonar nake gani.

Wata shekara bijiminsa ya cinye kuɓewar da kakata ta shanya. Ta tsaya gabansa tana yi masa faɗa kamar jikanta, shi kuwa yana tuƙa yana kallonta. Baffa ya zo da ƙwaryar nono, ya durƙusa: "Inna, a yi haƙuri." Ta ce, "Haƙuri na yi, amma ajiye ƙwaryar nan." A nan shari'a ta ƙare.

Farin 1984 ne ya karya abubuwa da yawa. Baffa ya dawo da shanun da ba su cika yatsun hannu biyu ba. Manoma ma sun koyi sayen tumaki da shanu don ranar wahala, sai kara ya zama kuɗi, ana tattara shi a kai gida ko kasuwa. Gonaki suka yi ta rarrafawa arewa, suka wuce iyakar noma da dokar 1961 ta shata. Gari kuma ya kumbura, aka yanka fegi inda garke ke kwana.

Sababbin maƙwabtanmu mutanen kirki ne. Wanda ke gabas da mu ya sayi fili da guminsa, ya dasa mangwaro, ya kewaye da waya. Bai taɓa ganin burtalin da faɗinsa ba, don haka idan saniya ta tura kai cikin shingensa, ɓarna kawai yake gani. Makiyayi kuwa hanyar kakansa yake gani. Sai a kai gaban hakimi, a ƙirga tara. Dokar kiwo ta 2010 ta hana toshe burtali, an kafa alamomin siminti a wasu wurare, ranar sakin gonaki kuma a rediyo ake faɗarta. Duk da haka nakan ga garke a gefen kwaltar Agadas, a takure, manyan motoci na yi musu oda.

Bara jikan Baffa ya yi sallama a ƙofata, sanda a kafaɗa, salula a aljihu. "Baba, ko za mu kwana a gona?" Na ce gonarsu ce, sai dai yara sun kwashe karan tun makon jiya. Ya ce ba komai. Da asuba na tarar sun tashi, an bar mini nono cikin ƴar jarka a bakin zaure.