Kwana Uku A Hardawa Tare Da Baƙo Daga Amurka

A cikin kakar da ta wuce ne wani tsohon abokina ya zo ganin gida daga Amurka, bayan shekara 11 rabonsa da ƙasar nan, ya roƙe ni in raka shi Hardawa ya gai da mahaifiyarsa. Muka kwana a Azare, hedkwatar masarautar Katagum, wadda Malam Zaki ya kafa a zamanin jihadi, aka kuma mai da fadarta daga tsohon garin Katagum zuwa Azare a shekarar 1916. Da gari ya waye muka nufi Hardawa ta ƙasar Misau. Dama da hagun hanya ba abin da ido ke gani sai dammunan gero a jere, da mata da yara suna tsinkar gyaɗa.

Abokin nawa ya komo da teɓa, da ciwon sukari, da hawan jini, da wata 'yar jaka cike da magunguna. A hannunsa akwai agogon da ke ƙirga masa taku, domin an umurce shi ya riƙa yin taku 10,000 kowace rana. Ya shaida mini cewa inda yake zaune mota ce ƙafar mutum. Da ita ake zuwa aiki, a cikinta ake sayen abinci ta taga, a ci ana tuƙi. Ba abin mamaki ba ne, gama hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce kimanin mutum 4 cikin 10 na manyan ƙasar ƙibarsu ta wuce kima.

Da muka isa, tsohuwa ba ta ambaci sunansa ba, ba ta ma dube shi sosai ba, saboda ɗan fari ne. Ni ta fuskanta ta ce, "Malam, sannunku da hanya. Yaya ka baro mutanen gida?" Aka kawo fura da nono, can da yamma kuma tuwon dawa da miyar kuka. Bayan an ci sai ya fito da wata kwalba ta ƙwayoyin zogale da ya saya da dala masu yawa. Tsohuwa ta juya kwalbar, ta dubi shingen bayan ɗakinta, ta ce, "Ashe abin da nake korar awaki a kansa shi ne maganin Turawa?"

Gaskiyarta. An yarda a sayar da garin 'ya'yan kuka a kantunan Turai a 2008, a Amurka kuma a 2009. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta keɓe shekarar 2023 a matsayin shekarar gero ta duniya, watau abincin da waɗansu 'ya'yanmu ke jin kunyar a gan su suna ci.

Kashegari muka je gona, muka zaga dangi gida gida, ga masallaci sau biyar. Kafin la'asar agogo ya wuce lissafinsa. Da aka bayyana wa kawunsa aikin agogon, sai ya yi dariya ya ce, "Yaro, mai gona ba ya ƙirga taku." Shi wannan adadi na 10,000 asalinsa tallar wani kamfanin Japan ne a 1965. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta nema shi ne motsa jiki na minti 150 a mako, wanda manomin Hardawa kan cika kafin hantsin rana ɗaya.

Amma abin da ya fi taɓa zuciyar abokina shi ne zaman ƙofar gida bayan magariba, inda kowane magidanci kan sa a fito da kwanonsa a ci tare. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce mini shekara 6 ya yi da wani maƙwabci bai san sunansa ba. A 2023 babban likitan gwamnatin Amurka na lokacin, Vivek Murthy, ya yi gargaɗi cewa wajen rabin manyan ƙasar na fama da kaɗaici, kuma illarsa ga jiki ta yi daidai da shan taba kara 15 a rana. Ingila kuwa tun a 2018 ta naɗa minista musamman don wannan matsala.

To, kada mai karatu ya zaci na je ne in yi wa ƙauye kirari. A dare na biyu naƙuda ta tsananta wa wata maƙwabciya, aka daɗe ana neman motar da za ta kai ta asibiti. Allah ya sa ta sauka lafiya, amma ba kowace mace ke yin wannan sa'a ba. Duk da ƙiba da kaɗaici, Ba'amurke kan yi kusan shekara 78 a duniya bisa ƙiyasi, ɗan Nijeriya kuwa bai kai 60 ba. Dalili shi ne ruwa mai tsabta, da allurar rigakafi, da asibiti kusa, da al'adar zuwa a duba jiki tun ciwo bai kwantar da mutum ba. Da abokina ya fito da na'urar awon jini ya gwada dattawan majalisa, da dama daga cikinsu jininsu ya hau, ba kuwa wanda ya sani.

Dattawan ba su manta da kurkunu ba, wanda kan kwantar da manomi tsakiyar damina. A 1988 an ƙirga masu ciwon fiye da 650,000 a Nijeriya. Cibiyar Jimmy Carter, manomin gyaɗan nan da ya shugabanci Amurka ya kuma ziyarci Nijeriya a 1978, ta haɗa kai da gwamnati da Janar Yakubu Gowon, aka koya wa jama'a tace ruwa, har a 2013 aka tabbatar ciwon ya ƙare a ƙasar nan. Irin wannan aro shi ne mai amfani.

Abin da ya dame ni shi ne samarinmu sun ɗauko ɗaya ɓangaren. Na ga lemon kwalba da taliyar leda suna ture fura. Na ga saurayi ya hau babur zuwa masallacin da ake jin kiran sallarsa daga zaure. Na ga samari biyar kan benci ɗaya, kowa kansa a sunkuye kan waya. In aka ci gaba haka, za mu gaji cututtukan Amurkawa ba tare da asibitocinsu ba.

Ranar da za mu tashi, abokina ya bar na'urar awon jinin a hannun wani ƙanensa, da sharaɗin a riƙa gwada dattawa kowace Jumma'a. Tsohuwa kuma ta ƙulle masa kuka da daddawa da busasshen zogale, ta ce da ni, "Malam, ka gaya masa ya riƙa gai da maƙwabcinsa." Ya amsa da kansa, "To, Inna, in Allah ya yarda."