Bakan da Ba na Harbi Ba



Mu shida ne muke kula da wani tsohon gidan ƙasa a cikin birnin Kano, wanda magada suka yarda a mayar da shi gidan tarihi. Bai kai Gidan Makama ba, wanda ake danganta gininsa da Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Bai kuma yi suna kamar Gidan Ɗan Hausa na Nasarawa ba, inda Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar boko a 1909. Namu zaure ne da soraye uku da tsakar gida. Ba a biyan mu, ran Asabar kawai muke haɗuwa.

Wanda bai taɓa wannan aiki ba yakan ɗauka shara ce da kaɗe ƙura. Gidan ƙasa kullum a bakin aiki yake. Kafin damina sai an hau rufi an duba indararo, an sabunta yaɓe, domin ruwa in ya kwanta a sama azara yake nema. Gara tana bi ta cikin bango ba a ganin ta sai ta gama. Hasken rana yana kashe launin baba a jikin riga. Danshi yana manne takardun da ke cikin gafaka, hunturu kuma ya busar da fatar ta tsage. Kowane kaya yana da lamba a rajista da katin bayani a gefensa, kuma mu muke rubuta katunan.

Mun daɗe muna jayayya a kan taro. Wasunmu suna cewa jama'a su ne babbar gara, gara a taƙaita shiga. Wasu suna cewa gidan da ba a shiga ai kango ne, ko da an share shi. A ƙarshe masu son taro suka yi rinjaye, muka shirya zaman karatu da tatsuniya ranar 18 ga Mayu, wadda ita ce ranar gidajen tarihi ta duniya.

Mun yi ɓarna, kuma laifinmu ne. Mun shirya wa mutum arba'in, aka zo fiye da ɗari. Kujerun da muka jingina da bango suka kankare yaɓe. Lasifikar da muka kafa a zaure ta riƙa kaɗo ƙasa daga rufi. Muka raba cincin da zoɓo a tsakar gida, yara suka shiga da su soraye. Sati guda bayan haka muka tarar da kashin ɓera kusa da gafaka, ya ci gefen wata takarda. Layi biyu na rubutun ajami suka tafi, kuma babu wanda ya taɓa kwafe su. Har yau in muka buɗe wannan gafaka jikinmu sanyi yake yi.

Amma a wannan yammacin ne wata tsohuwa ta tsaya a soron da muka jera makamai, jikarta tana karanta mata katuna. Akwai wani ɗan ƙaramin baka da muka rataye kusa da kwari da mashi, muka rubuta cewa bakan wasan yara ne. Tsohuwa ta yi dariya har da riƙe haɓa.

"Kai, 'yan nan, wa ya rubuta muku wannan?"

"Mu ne, Iya."

"To wannan bai taɓa harbin ko ƙadangare ba. Masaɓi ne. Da shi muke shiɓar auduga."

Ta nemi a kai ta sauran ɗakunan. A cikin kayan girki ta nuna wani shimfiɗaɗɗen dutse da muka ɗauka na niƙan yaji ne, ta ce magurji ne, a kansa ake gurza auduga da ɗan ƙarfe a fitar da angurya. A soro na uku ta nuna mazari, wanda shi kam mun san shi. Sai ta jera mana aikin: a gurza, a shiɓa da masaɓi har audugar ta yi laushi, sannan a kaɗa zare da mazari ana shafa alli a yatsu, a kai wa masaƙa. Kaya uku na sana'a ɗaya, hannun mace ɗaya wataƙila, mun raba su ɗaki uku tsawon shekara biyu, muna share su da ladabi kowace Asabar.

Da mun rufe ƙofa, da ɓera bai ci takarda ba. Da kuma masaɓi ya ci gaba da zama baka, yaran makaranta suna kwafewa a littafinsu, har ƙaryarmu ta zama tarihi. Ba mu iya auna wanne ya fi nauyi ba, mun dai daina jayayyar. Yanzu muna yin taro, amma a tsakar gida kan tabarmi, ba lasifika, abinci a waje, mutum goma-goma ake shiga soro da ɗayanmu a tare. Takardun kuma duk mun ɗauke su hoto.

Abin da ya fi tsaya mana a rai, mu da muke koyon rubutu, shi ne katin nan. Zato muka yi, muka rubuta shi da muryar sani, kuma saboda rubutun ya yi kyau ba wanda ya tuhume shi. Sau nawa muke yin haka a labaranmu, mu sa wa tsohuwa kaya a hannu ba mu san sunansa ba, alhali kakarmu tana ɗaki?

Mun koma mun bi rajista ɗaya bayan ɗaya. Kaya goma sha tara muka samu waɗanda bayaninsu zato ne. Mun cire katunansu, mun sa wasu masu layi ɗaya: "Wa ya san wannan?" Zuwa yanzu an amsa mana bakwai. Saura sha biyu, kuma masu amsar ba ƙuruciya suke ƙarawa ba.