Yayata Ba Ragguwa Ba Ce

'Yan uwana mata, na daɗe ina son yin wannan magana, kunya ce ta hana ni, don kuwa har da bakina a cikin masu kiran Yayata ragguwa.

Shekararta biyu da aure abin ya fara. In ɗari ya shigo, Yaya ce shara, ita ce wanki, har kitso take yi wa maƙwabta. Amma watan Maris na kamawa, bazara ta buɗe wuta, sai a gan ta yashe a tabarma tun da hantsi, ƙafa ta yi mata nauyi kamar an ɗaura mata turmi, idon dama yana gani dishi-dishi. Uwar mijinta ta ce son jiki ne, wasu suka ce iska ce. Ni kuwa, Allah Ya yafe mini, ce mata na yi, "Haba Yaya, wannan kwanciya sai ka ce mai jego?" Ba ta tanka ba, bango kawai ta juya ta kalla.

Sai da aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarta da na'urar MRI, likita ya ce ciwon MS ne. Ashe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka riga gare su, kamar robar jikin wayar lantarki, garkuwar jikinta ce ke zaizaye rigar. Da jiki ya ƙara ɗumi, ko da rabin digiri ne, sai saƙo ya koma tafiyar hawainiya a jijiyar da ta tsiraita. Wani likitan ido Bajamushe mai suna Uhthoff ya lura da haka tun 1890. Ciwon ya fi kama mata, galibi 'yan shekara 20 zuwa 40. Kun ji fa, sa'o'inmu.

Abin da ya ɗan kwantar mana da hankali, wannan gajiyar ta zafi ba sabuwar ɓarna ba ce, jiki na hucewa take lafawa. Sai dai damina ma ba ta ƙyale ta ba, zufar nan ta kafin hadari ya sauko kayar da ita take yi. Ɗarin da take so kuwa, wani sa'in da asuba ƙwaurinta yake sandarewa.

Yanzu tana sallame sallar asuba take ɗora girki, azahar na yi ta jiƙa ɗankwali da ruwan randa ta yafa a wuya. Mijinta ya tara kuɗi ya sayo fanka mai aiki da hasken rana. Hajiya dai har yau ba ta gama yarda ba, takan ce, "Mu da muka yi surfe a rana fa?"

Bazarar bana a gidanta zan yi ta. Na ce ta bar mini murhun rana, littafina na uku kuma na ƙarasa shi da dare.