Namiji Ma Da Shafe-shafe?

Jama'a, in dai bilicin ne a daina zagin mata su kaɗai. Tsaya gindin gadar Kwangila da la'asar ka ga samari, fuska jawur, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin.

Ni ban hana namiji gyara ba, wanzami ma ai gyara yake yi. Sai dai fatarsa ta fi tamu kauri da maiƙo, ga reza kullum a kanta. Ya kwashi man matarsa mai sitiroyid ya lafta kan ƙurajen aski, ya yini a rana cikin tasha, sai fatar ta zaizaye, ƙurajen su ƙi warkewa. Hukumar NAFDAC ta yi gargaɗi kan bilicin a 2023.

Malam, Shika fa ba nisa, akwai likitan fata.