Baƙon Jiya Shi Ne Ɗan Garin Yau

 Duk wanda ya duba rajistar kiran suna ta makarantarmu zai ga abin lura. A aji guda akwai Batangale da Babure da Angas da Baju, ga Bayarabe da Ibo, ga kuma Bahaushe. Da yawa daga cikinmu mazauna Tudun Murtala iyaye ne ko kakanni suka kawo mu Kano, wasu kan aikin gwamnati, wasu kan ciniki, wasu kuwa wahala ce ta koro su. Saboda haka ya kamata mu san tarihin ƙaura a wannan gari, da amfaninta da kuma illarta.

Shigowar baƙi Kano tsohon abu ne. A zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo daga ƙasar Mali da malamansu da fatakensu. A zamanin Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, Shehu Magili ya iso daga arewacin Afirka, kuma a lokacin ne aka kafa Kasuwar Kurmi. Har yau sunayen unguwannin cikin birni suna ba da shaida. Tudun Nufawa na Nufawa ne, Zangon Barebari na mutanen Borno, Ayagi ta Yarbawa, Dandalin Turawa kuwa mazaunin Larabawan da suka ratso hamada ne. Jikokin waɗannan mutane yanzu Kanawa ne, ba mai tambayarsu yaushe za su koma gida. Alhassan Ɗantata ma, babban attajirin gyaɗa da ya rasu a 1955, daga zuriyar Agalawa ya fito, su kuwa asalinsu daga arewa suka gangaro.

Da Turawan mulki suka ci Kano a 1903, sai al'amarin ya sake kama. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, ya kwaso akawuna da makanikai da 'yan kasuwa daga Kudu, har da mutanen Saliyo da Gana. Kwarori ma suka zo suka buɗe kantunan yadi, daga nan sunan Kantin Kwari ya samo asali. Amma maimakon a bar baƙin su cuɗanya da 'yan gari kamar dā, sai aka keɓe musu Sabon Gari a 1913, da dokarsu dabam da kotunsu dabam. Daga baya masana'antun Bompai suka jawo dubban ma'aikata, su ne suka cika unguwanni irin su Gwagwarwa da Tudun Wada da Dakata da tamu Tudun Murtala. Farin 1973 da na 1984 ya koro Buzaye daga Nijar, da yawansu suka kama aikin gadi. Tun daga 2009 kuma rikicin Boko Haram ya turo iyalai daga Borno da Yobe da Adamawa, wasunsu tare muke sujada da su a yau.

Amfanin wannan duka a fili yake. Baƙo yakan zo da sana'ar da babu, ko ya ƙara wa wadda ake da ita armashi. Da hannun baƙi da na 'yan gari aka tara dalar gyaɗa, aka tuƙa jirgi, aka juya injunan saƙa. Makarantu da asibitoci da yawa baƙi ne suka fara su, misali Asibitin Ido na ECWA da aka buɗe a 1943, wanda Musulmi da Kirista suke bin layi guda a cikinsa. Har ila yau yaron da ya tashi a nan yakan iya harshe biyu ko uku ba tare da an biya masa ko kwabo ba.

Illar ma ba ma ɓoye ta. Idan mutane suka yi yawa fiye da shirin da aka yi musu, sai kuɗin haya ya tashi, ruwan famfo ya gagara, lambatu ya toshe, aji ya cika har wasu su zauna a ƙasa. Da yawancin masana'antu suka rufe, matasa suka rasa abin yi. Ƙauyukan da muka baro kuma sun rasa majiya ƙarfi, an bar tsofaffi da gonaki. Amma babbar illa ita ce gaba. Kano ta ga tarzoma a 1953 da 1966 da 1991 da 2004, aka yi hasarar rayuka da dukiya. A ganinmu rabon da aka yi tun 1913 yana cikin tushen wannan cuta, domin wanda ba ka taɓa shiga gidansa ba, da sauƙi a gaya maka ƙarya a kansa ka yarda.

Kada kuma mu manta cewa kowa baƙo ne a wani wuri. Hausawa fataken goro sun kafa zango a Kumasi da Akara, suna da Sabo a Ibadan. A 1969 gwamnatin Gana ta kori baƙi, 'yan Nijeriya masu ɗimbin yawa suka dawo da abin da hannu zai iya ɗauka. A 1983 Nijeriya ta yi irin wannan kora, aka fitar da 'yan Gana kimanin miliyan 1, makarantu da yawa suka wayi gari ba malamai. Duka biyun a lokacin matsin tattalin arziki aka yi su, kuma korar ba ta cika tukunyar kowa ba.

Akwai kuma abin da ya shafe ku kai tsaye, ku ɗalibai. Yaron da aka haifa a Tudun Murtala, iyayensa suna biyan haraji a nan, idan ya tashi neman gurbin karatu ko aiki sai a ce ya kawo takardar shaidar asali. Dole ya hau mota zuwa ƙauyen da sai da Kirsimeti yake ganinsa, can ma a dube shi a ce ɗan Kano ne. Muna roƙon shugabanni su duba wannan, gama Kano ta dā ta fi haka sauƙin kai ga baƙi.

Littafi Mai Tsarki cike yake da masu ƙaura. Ibrahim ya bar Ur, Yusufu ya ceci Masar daga yunwa yana baƙo, Rut 'yar Mowab ta zama kakar mahaifin Sarki Dawuda, Ubangijinmu Yesu kansa an gudu da shi Masar yana jariri. Don haka mu da muka zo, mu girmama al'adun waɗanda muka tarar, mu je musu suna da ta'aziyya, mu gaida mai unguwa. Wanda ya zo bayanmu kuma mu ba shi wurin zama da ruwan sha, kada mu raina Hausarsa. Ku da za ku bar makaranta bana, waɗansunku Legas za su nufa, waɗansu ƙasashen waje, to ku riƙe gaskiya da aikin hannunku a duk inda kuka sauka.

Allah ya zaunar da Kano lafiya, ya kuma kiyaye matafiya. Amin.