Masu Dashe a Cikin Gajimare

Wanda ya bi titin Kano zuwa Zariya a watan Yuli, da zarar ya wuce Kura ya doshi Kadawa, zai ga sama biyu. Ɗaya tana inda aka san ta. Ɗayar tana kwance a ƙasa, cikin gonakin shinkafa da aka cika da ruwa ana jiran dashe. Da hantsi, kafin iska ta motsa, ruwan yakan kwanta lumui, gajimare ya sauko cikinsa da duk fari da toka-tokarsa, balbela ta tsaya a kan kunya ta zama biyu, ƙafafunsu a haɗe.

Samarin yankin sun daɗe da lura da wannan. Wani yaro mai cajin waya a bakin kasuwar Kura ya nuna mini hoton da ya ɗauka a gonar yayansa. Bai saita wayar a kan masu dashen ba, surarsu da ke cikin ruwa ya ɗauka, sannan ya juya hoton, ƙasa ta koma sama. Sai ga mutane a duƙe, wanduna a naɗe har gwiwa, suna cusa hannu cikin gajimare. Tsiron da suka riga suka dasa kusa da inda ya tsaya kuwa ya koma can saman hoton, yana reto kai ƙasa, jere da jere. A kusurwa ɗaya wani ya jefa damin iri, ruwan ya girgiza, fuskar babban cikinsu ta narke ta miƙe. Na tambaye shi da wace manhaja ya haɗa. Ya ce, "Baba, wallahi ban ƙara komai ba, juyawa kawai na yi."

Na yarda da shi, domin ƙasar nan da kanta tana ba da irin wannan hoto. Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa yake bin kanal yana ratsa Bunkure da Kura da Garun Malam a lokacin da ba a san ƙasar Hausa da ruwa ba. Ka zo a watan Fabrairu, hazo ya rufe rana, ciyawa ta ƙone, akuya na kiwon leda; ka ɗaga ido taku kaɗan, ga alkama kore shar har iyakar gani. Tsakanin rani da damina babu komai sai kankaren kanal. Kakan kakanmu da aka ba shi wannan labari, da cikin tatsuniya zai sa shi. Mu da muka tashi muka tarar da shi mun daina mamaki, sai yanzu da yara masu waya suka fara mayar mana da shi.

Na ga ire-irensa a wayoyi da yawa. Akwai wanda ya sa ƙaninsa ya tsaya nesa a kan gadar kanal, shi kuma ya miƙa tafin hannu kusa da kyamara, yaron ya fito ɗan mitsitsi a tsaye a hannun wansa. Akwai wanda ya fito sau uku a hoto ɗaya: yana casa, yana sheƙa, yana kuma zaune kan buhu yana ƙirga kuɗi.

Wannan na ƙarshe ba sabon wasa ba ne. Masu hoton da, na zamanin fim da ɗakin wanki, sun iya fitar da mutum ɗaya sau biyu a takarda ɗaya, yana gaisawa da kansa. A ƙasar Yarbawa, a Ila Orangun, an yi zamani a shekarun 1970 da idan ɗaya daga cikin tagwaye ya rasu, sai a ɗauki mai ran a buga shi sau biyu, a ajiye a madadin su duka. Mu kuma a nan mun san labulen sutudiyo: ka tsaya da kayan Sallah a gaban zanen gidan bene, ko lambu mai maɓuɓɓugar ruwa, ko jirgin sama. A Gana, Philip Kwame Apagya ya yi suna a duniya da irin wannan labule, inda mutum yake miƙa hannu cikin firji cike da abinci, alhali firjin fenti ne. Babu wanda aka yaudara. Mai hoto ya sani, wanda aka ɗauka ya sani, surukar da aka aika wa hoton ma ta sani. Buri ne aka ba shi siffa, aka ajiye a bango.

Turawa sun yi wa wannan hanya ta cakuɗa mafarki da zahiri suna, Suriyalizim, ta kuma kafu tun da André Breton ya fitar da bayanin aƙidarta a birnin Paris a 1924, bayan Yaƙin Duniya na Farko ya sa matasan Turai sun yanke ƙauna daga hankalin da ya kai su ramukan yaƙi. Suka koma wa mafarki. Man Ray, Ba'amurke mazaunin Paris, yakan ɗora kaya kan takardar hoto ya haska mata fitila, hoto ya fito ba tare da kyamara ba. Salvador Dalí na Sifen ya zana agogunan da suka narke a 1931. René Magritte na Beljiyam ya zana, a 1953, mazaje masu hula da kwat suna shawagi a sararin unguwa. Yaron kasuwar Kura bai taɓa jin sunayensu ba, amma tasirinsu ya iso shi ta bayan gida: masu talla sun ɗauka, fastocin fina-finai sun ɗauka, masu ƙera manhajojin gyaran hoto sun zuba shi cikin samfuran da yake latsawa kyauta. Sai dai idon da ya karɓi abin an riga an horar da shi a gida. Wanda ya tashi yana jin Gizo ya ari gashin tsuntsaye ya tashi sama, ya karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam a makaranta, ya kalli rawar fim ɗin Indiya inda ake fara baiti a falo a ƙare shi a kan dutsen ƙanƙara, ba ya bukatar a yi masa bayanin yadda mutum zai yi dashe a sama.

Ga inda nake da magana. Masu wannan wasa sun kasu biyu, kuma ba na ɓoye ɓangaren da nake. Mafi yawa sukan share bayan hoton gaba ɗaya. A yanke saurayi daga bakin kanal, a manna shi gaban dogayen benayen Dubai, ko a jingina shi da motar da ba ta taɓa shiga Bunkure ba. Yanzu da ƙirƙirarriyar basira ta shigo waya, ko yankan ba a yi, umarni ake bayarwa. Ba na zargin kowa da son abin duniya, jikan labulen sutudiyo ne. Amma hotunan duk kamarsu ɗaya. Na Kura da na Legas da na Karachi ba ka rabe su, kuma ido ba ya tsayawa a kansu. Akwai ma ɓarnar da ta fi wannan, wato ɗaukar hoton 'yar mutane a sauya shi ba da saninta ba. Wannan cin mutunci ne, ba shi da gurbi a maganar fasaha.

'Yan kaɗan ne suke barin gonar yadda take su sauya abu ɗaya tak, kuma su ne suke kama ni. Mafi ƙarfin da na gani an ɗauke shi ne a kakar tumatir, kusa da kasuwar Kwanar Gafan, a makon da kaya suka yi yawa farashi ya faɗi. Kowa ya san wannan mako: kwanduna jere a bakin titi, motocin Kudu sun cika sun tafi, saura na ta laushi a rana, mata da yara na yanka suna shanya kauɗa a kan duk fili da aka samu. Mai hoton ya sa abokinsa ya tsaya nesa da gammo a ka, hannuwa a sama, shi kuma ya riƙe tumatir guda ɗaya daf da kyamara, daidai saman kan abokin. Tumatir ɗin ya fito ya fi mutumin girma, ja wur, da ɗan tsagewa a gefe inda ruwa ya fara tsattsafowa. Gwiwoyin abokin a lanƙwashe. A bayansa shanya ce ja har ƙarshen hoton.

An yi shi ne don dariya, kuma an yi dariyar. Amma manomin da ya ci bashin taki da magani, ya kwana yana ban ruwa, sannan aka taya kwandonsa kuɗin da bai kai na kwandon da dako ba, zai gane nauyin da ke kan mutumin nan. Rahotanni da yawa an rubuta kan asarar tumatir a Kadawa, ban ga wanda ya faɗi abin a dunƙule haka ba.

Abin da ke damuna shi ne makomar hotunan. Ana ɗora su a WhatsApp su yi kwana ɗaya su ɓace. Waya ta cika a goge, ko ta faɗa kanal, ko a sayar da ita lokacin sayen taki. Hoton labulen sutudiyo na iyayenmu yana nan a ƙasan akwati bayan shekara arba'in, na 'ya'yanmu kuwa ba ya kai kaka. Na roƙi mai tumatir ɗin ya kai a wanke masa nasa a takarda, babba, ya rataye a shago. Ya ce sai an sayar da shinkafa.