Dara Ba Ta Mutum Ɗaya Ba Ce

Mu da muke koyar da lissafi a sakandare mun saba da tambayar da amsarta ɗaya ce tak, ba ruwanta da abin da wani zai yi. To amma akwai reshen lissafi da ba haka yake ba. Ana kiransa nazarin wasa, wato lissafin yanke shawara a inda sakamakonka ya rataya a kan takun abokin karawarka. John von Neumann da Oskar Morgenstern ne suka aza tubalinsa a littafinsu na 1944, John Nash kuma ya samu kyautar Nobel a fannin, tare da wasu masana biyu, a 1994. Duk wanda ya taɓa buga dara ya san kan zancen: ba ka motsa ɗa sai ka hango inda na gabanka zai sa nasa.

Mu ɗauki kamfanin Kodak na Amurka. A 1975 injiniyansa Steven Sasson ya ƙera kyamarar da ba ta buƙatar fim, wadda take ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya a kaset. Manyan kamfanin suka yi sanyin jiki, domin fim ne tukunyar abincinsu. A ganinsu, wa zai fasa tukunyarsa da hannunsa?

A nan lissafin ya karkace. Jinkirin zai yi amfani ne kawai idan kowa ya jinkirta. Amma Sony da Canon ba su da fim ɗin da za su yi wa kara, saboda haka babu abin da zai tsayar da su. Tukunyar dai za ta fashe, abin da ya rage shi ne wa zai riga tanadar wata. Kodak ya sayar da kyamarorin zamani masu yawa daga baya, amma ribarsu ba ta kai ta fim ba, wayoyin hannu kuma suka zo suka kwashe kasuwar. A watan Janairun 2012 ya nemi kariyar kotu saboda bashi. Abokin hamayyarsa Fujifilm na Japan kuwa ya karkata iliminsa na sinadarai zuwa kayan asibiti da man shafawa, ya tsira.

Babu mai tsara shiri da ya san gobe. Amma akwai tambayar da za mu iya amsawa tun yau: idan muka tsaya, me abokin karawarmu zai rasa in ya wuce mu? Idan babu, to jiranmu asara ce, domin da sanyin safiya ake kama fara.